Mama, mun yi azumi mun kai kuɗi amma bai dawo ba

Wannan saƙon ya shigo mini ta WhatsApp cikin dare daga wata 'yar'uwa a ƙasar Zuru, ta roƙe ni kada in faɗi sunanta ko na ƙauyensu. Na ɗan rage shi amma maganarta ce:

"Mama sannu da aiki. Ni mai bi ce tun ina yarinya, ina cikin zumuntar mata, maigidana kuma yana cikin mawaƙan cocinmu. Lokacin yankan dawa 'yan bindiga suka ɗauke shi a gona. Muka saida shanun huɗa biyu da babur ɗinsa da dawar da muka samu, dangi suka haɗa aka kai kuɗin fansa. Ikkilisiya tayi azumin kwana uku, mun kwana muna addu'a, kowa yana cewa mu ba da gaskiya zai dawo. Bayan kwana 26 wani da aka sako yazo yace mana ciwo ya kama shi a daji ya rasu, ko gawarsa bamu gani ba. Yau wata tara. Bana iya addu'a, in na durƙusa sai bakina yayi nauyi. In aka fara waƙa a coci sai inji kamar in tashi in fita, shi yasa na daina zuwa. Wata a zumunta tace wai da bangaskiyata ta kai da ya dawo, tunda na wasu sun dawo. Ɗana mai shekara 9 ya tambaye ni ko Allah bai ji mu bane, na rasa me zance masa. Mama ina jin haushin Allah, wani lokaci har ina tambayar kaina ko yana nan ma. Na fita daga bangaskiya kenan? Zai gafarta mini?"

Ƙanwata sannu. Sannu da wannan babban rashi, Ubangiji ya riƙe ki da yaran nan. Na karanta saƙonki sau uku kafin in iya ɗaukar waya in rubuta wani abu, kuma bari in fara da tambayarki ta ƙarshe don kada ki kwana da ita ko dare ɗaya kuma: a'a, baki fita daga bangaskiya ba. Wadda ta fita bata tashi ƙarfe ɗayan dare tana tambaya ko Allah zai gafarta mata. Kina jin haushinsa ne don kin sa rai gare shi da dukan zuciyarki, kin saida abin da kika mallaka, kin hana cikinki abinci, kin jira a bakin ƙofa kwana 26, abin da kika roƙa bai zo ba. Duk mai jini a jika zai ji abin da kike ji.

Maganar matar nan ta zumunta ita ce ta fi tsaya mini a rai, don haka zan daɗe a kanta. Ki buɗe Ayyukan Manzanni sura 12 ki karanta da kanki in idonki zai iya. A farkon surar sarki Hirudus ya kama Yakubu ɗan'uwan Yohanna ya kashe shi da takobi. Da yaga abin ya yi wa mutane daɗi sai ya kama Bitrus shima ya jefa kurkuku, ikkilisiya ta duƙufa da addu'a, mala'ika yazo da dare sarƙoƙi suka zube Bitrus ya fito. Sura ɗaya fa, sarki ɗaya, ikkilisiya ɗaya, dukansu biyu manzanni ne da suka bar jirginsu da tarunsu suka bi Yesu, ɗaya ya dawo gida ɗaya bai dawo ba. To waye zai tashi yace uwar Yakubu ce bangaskiyarta bata kai ba? Littafin bai faɗi haka ba, ko kusa. Kuma abin da ma ya fi, mutanen da suka taru suna yiwa Bitrus addu'a a gidan Maryamu, da yarinyar nan Roda tazo tace musu gashi a bakin ƙofa, cewa sukayi ta haukace. Kinga ashe ba ƙarfin bangaskiyarsu ne ya buɗe kurkukun ba, tunda su kansu basu yarda zai fito ba.

Mu nan Kebbi mun ga irin wannan da idonmu. Ranar 17 ga Yunin 2021 da aka kwashe ɗaliban makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri, iyaye Musulmi da Kirista kowa ya durƙusa, a masallaci da coci an yi ta roƙo, wasu yaran suka dawo cikin watanni, wasu 'yan matan sai a 2023 aka sako su, wasu kuma tun a kwanakin farko suka rasa rai. Duk wanda zai ɗauki ma'auni ya ce iyayen wannan sun fi iyayen wancan addu'a, to bai taɓa zama kusa da uwar da take jira ba. Wanda ya kashe maigidanki ƙanwata sune waɗanda suka shiga gonarsa da bindiga suka kora shi daji suka bar shi da ciwo babu magani. Alhakin yana wuyansu. Kada ki yarda kowa ya sauke shi daga kansu ya ɗora miki, ko da da sunan wa'azi ne. Ita matar ba zan ce muguwa bace, yawanci tsoro ne ke sa mutane faɗin haka, don in suka yarda cewa mai addu'a ma abin yana iya samunsa to sun yarda suma basu tsira ba kenan. Amma maganar ba gaskiya bace, ba kuma dole bane ki zauna ki sake sauraronta. Haka in wani yazo miki da cewa akwai la'ana a gidanku ki kawo kuɗi ko akuya a karya ta, ki sallame shi, abin da ya rage a hannunki na bakin yaran nan ne.

Ni ma na binne ɗa. Shekara goma sha ɗaya kenan, ɗana na biyu, yana da sikila, yana da shekara 17. Cikin dare ciwon ya tashi muka kai shi asibiti, ana neman jini ana kiran waya har asuba, kafin a samu ya tafi, kansa a kan cinyata. Ni da nake koyar da mata Littafi duk ranar Alhamis, na dawo gida na kasa buɗe shi. Silifas ɗinsa na roba suna bakin ƙofar ɗakinsa, ɗaya a kife ɗaya a daidai kamar yadda ya cire su, na hana kowa taɓawa, in ana shara sai a zagaye su, haka suka zauna tun hunturu har ruwan farko ya sauka. Da yamma in ina kwasar tuwo sai hannuna ya jawo kwanonsa da kansa, sai na sa malmala a ciki sannan in tuna. Kusan shekara guda addu'ata bata wuce kalma biyu ba, don me. Mutane sun zo da ayoyi da yawa, Allah ya saka musu, amma gaskiya bana tuna ko ɗaya. Abin da nake tunawa wata tsohuwa ce a cocinmu, gwauruwa, bata iya karatu ba, kullum bayan la'asar sai ta shigo da gyaɗa a ƙwarya ta shimfiɗa buhu kusa da ni ta zauna tana ɓara, bata ce mini komai sai sannu. Wata rana ta tura mini ƙwaryar gabana na fara ɓara nima. Da maƙwabciyata Hajiya da take aiko ɗiyarta da kunu kowace safiya har kwana arba'in, yarinyar ta tsaya sai taga na kai kofin baki kafin ta tafi, haka uwarta ta umarce ta.

Kuma tunda na ambaci maƙwabta bari in faɗi wani abu da na daɗe ina lura. 'Yan'uwanmu Musulmi macen da mijinta ya rasu tana takaba wata huɗu da kwana goma, kowa ya sani, babu mai tsammanin ganinta a biki ko ta fito tana dariya. Mu kuma da bamu da ƙayyadadden lokaci sai muka koma gaggawa, sati biyu uku bayan jana'iza an fara cewa haba ki daina kuka mana kamar marar bege, ki ɗaura ankon zumunta ki fito. Wannan kuskure ne namu, ba koyarwar Littafi bace. Isra'ilawa kwana 30 sukayi suna makokin Musa. Da aka jajjefe Istifanus masu tsoron Allah ne suka binne shi suka yi masa kuka mai zafi. Bulus da ya rubuta wa Tasalonikawa bai ce kada suyi baƙin ciki ba, cewa yayi kada suyi irin na waɗanda basu da bege. Wata tara ba wani lokaci bane ga macen da ko kabari bata samu ta tsaya a kai ba.

Kince kina jin haushin Allah kina tsoron zunubi ne. Marta da Yesu ya iso Betanya bayan Li'azaru ya kwana huɗu a kabari, bata tarbe shi da waƙa ba, cewa tayi Ubangiji da kana nan da ɗan'uwana bai mutu ba. Sun aika masa tun yana kwance, bai zo ba sai da ya ƙara kwana biyu inda yake. Maryamu 'yar'uwarta ta fito itama ta maimaita maganar, kalma ɗaya. Bai tsawata musu ba, bai ce ina bangaskiyarku ba, tambaya yayi ina kuka sa shi, sannan yayi kuka, shi da ya san minti kaɗan zai tashe shi. Na daɗe ina juya wannan a raina, in shi mai ikon tada matacce ya tsaya ya zubar da hawaye tare da su, to hawayenki ba abin kunya bane a gabansa. Shi kansa a kan gicciye da babbar murya ya ce Allahna Allahna don me ka yashe ni, farkon Zabura 22 kenan. Tambayar da kike jin tsoron furtawa ta riga ta fito daga bakin Mai Cetonki.

Maigidanki mawaƙi ne, to ki nemi Zabura 88. Kan maganarta ya nuna waƙa ce da aka ba shugaban mawaƙa, wato a cikin sujada ake rera ta. Tun daga farko har ƙarshe kuka ne, mutumin yana cewa na kira ka dare da rana, ka raba ni da abokaina, don me ka ɓoye mini fuskarka, kuma bata ƙare da yabo ba kamar yawancin sauran, da duhu ta ƙare. Tun 1932 da aka fara buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa har fassarorin da muke riƙe da su yau babu wanda ya cire ta don wai tayi zafi, tana nan a tsakanin Zabura 150, sai dai mu ne bama karanta ta ranar Lahadi. Ni ita ce ta fara buɗe mini baki. In kin durƙusa bakinki yayi nauyi kada ki tilasta wa kanki godiyar da bata zo ba tukuna, ki karanta wannan da ƙarfi ki sa sunanki a ciki, in ma karatun ya gagara ki zauna shiru kawai, Romawa 8:26 tace Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishe-nishen da baki baya iya faɗa. Ayuba ma da ya rasa 'ya'ya goma rana ɗaya ya la'anci ranar da aka haife shi, ya yi ta jayayya da Allah sura bayan sura, abokansa uku kuma suna ta kare Allah suna cewa lallai akwai laifin da kayi. A sura 42 Allah ya ce da Elifaz, ɗaya daga cikin abokan, fushinsa ya yi ƙuna a kansa da abokansa biyu don basu faɗi gaskiya game da shi ba kamar bawansa Ayuba. Mai kukan aka ce ya faɗi daidai. Abin kirki ɗaya da abokan nan sukayi shine kwana bakwai na farko da suka zauna da shi a ƙasa basu ce uffan ba.

Ba zan gaya miki dalilin da yasa Allah bai fito da shi ba. Masu cewa Allah ya fi mu sonsa ko ya ɗauke shi ne don ya kare shi daga wani abu, da kyakkyawar niyya suke faɗa amma ba a aiko su da wannan bayanin ba. Ayuba har ƙarshen littafin ba a gaya masa dalili ba. Abin da na riƙe, kuma shi ya riƙe ni, shine kabarin Yesu babu kowa a ciki, kuma wanda ya mutu yana nasa to yana wurinsa. Wasu ranaku ina gaskata wannan da dukan raina, wasu ranaku kuma da ƙyar nake riƙe bakin zaren, kamar mutumin nan a Markus 9 da ya ce na ba da gaskiya, ka taimaki rashin bangaskiyata, kuma Yesu bai kore shi ba, ya warkar masa da ɗa.

Zancen gawa, nasan shine ke hana ki barci ko baki faɗa ba. Ina aka sa shi, an rufe shi ma kuwa, wa ya riƙe masa hannu. Musa bawan Allah har yau babu wanda ya san kabarinsa, Maimaitawar Shari'a 34 tace Ubangiji ne ya binne shi a wani kwari a ƙasar Mowab. Lokacin da jirgin ruwan nan ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021 akwai gidajen da basu samu nasu ba, kogin Kwara ya tafi da su, a lokacin na yi ta tuna Ru'ya ta Yohanna 20:13 inda aka ce teku ma zai ba da matattun da ke cikinsa. Dajin da ya ɓace miki bai ɓace wa Allah ba, ya san gindin itacen. Amma ke mutum ce kina bukatar wurin da zaki yi bankwana, don haka ki samu fasto ko wani dattijon ikkilisiya da kika yarda da shi ki ce kina so ayi masa sujadar tunawa in ba a yi ba, ko a tsakar gida ne, a kira danginsa, mawaƙan da yake cikinsu su rera waƙar da ya fi so, a faɗi sunansa da ƙarfi, yaran su gani. In kina so ki dasa itace ɗaya a gida, mangwaro ko dogon yaro, yanzu da ƙasa ke da laima, wurin da ke da yaran zaku riƙa zuwa.

Komawa coci kuma kada ki ɗauke shi kamar jarrabawa. Waƙar ce ke sukar ki don muryarsa kike nema a ciki, wannan ba aljani bane ba kuma taurin zuciya ba. Ki fara da zuwa bayan an gama waƙoƙi, ki zauna bencin baya kusa da ƙofa, in ya yi miki yawa ki fita babu laifi. Ki zaɓi mace ɗaya, ɗaya tak, mai riƙe magana, ki gaya mata abin da kika gaya mini, ki ce ta riƙa yi miki addu'ar da kika kasa. Shanyayyen nan na Kafarnahum ba da ƙafarsa ya je ba, mutum huɗu ne suka ɗauke shi suka buɗe rufin ɗaki, kuma Markus yace bangaskiyarsu Yesu ya gani. Shekara nawa kina ɗaukar wasu a zumunta, kina kai gaisuwar haihuwa da ta rasuwa, yanzu ki bari a ɗauke ki. Zancen gafarta wa waɗanda sukayi wannan abu, zai zo a lokacinsa, kada wani ya shaƙe ki da shi yau, kuma gafara bata hana ki neman hukuma ta yi aikinta.

Sai jikinki. Iliya da ya gudu jeji ya kwanta gindin itace ya ce ya isa Ubangiji ka ɗauki raina, mala'ikan da aka aiko bai yi masa wa'azi ba, gurasa da tulun ruwa ya ajiye masa ya ce tashi ka ci, ya sake barci, aka sake tada shi ya ci. Ki ci abinci ƙanwata ko ba daɗi. In barci ya ƙaurace miki makonni, ko kina ramewa, ko gabanki na faɗuwa duk lokacin da kika ji ƙarar babur, ki je babban asibiti ki gaya wa likita duka kada ki ce zazzaɓi ne kawai, in ya ga ya kamata zai tura ki gaba, akwai asibitin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Kware ta jihar Sakkwato, zuwa can ba hauka bane kuma ba raina addu'a bane. In kuwa tunanin ki bi shi ko ki cutar da kanki ya taɓa zo miki, a ranar ki gaya wa wani babba a gidan, kada ki kwana da shi ke kaɗai. Gonar kuma tunda shanun sun tafi ki zauna da 'yan'uwansa da dattijon coci a matsayin shaida a tsaida magana a kan abin da yake na marayu tun yanzu kafin kaka, kada kunya ta hana ki.

Yaronki ya yi tambayar manya, kada ki ba shi amsar ƙarya don yara suna ganewa. Ki jawo shi jikinki ki ce masa Allah ya ji mu, mugayen mutane ne suka yi wa Baba wannan, ba laifinka bane ba laifina bane, nima ina tambayar Allah don me bai hana ba kuma ina kuka, Baba yana wurin Yesu zamu gan shi. In ya ga hawayenki ba komai, gara ya san ana kuka a gaban Allah da ya girma yana zaton sai an ɓoye. Ki bar shi ya riƙa ba da labarin babansa, in akwai hularsa ko littafin waƙoƙinsa ki ba shi ya ajiye.

Lambar da kika turo saƙon da ita tana wurina. Zan kira ki ranar Asabar da yamma bayan an dawo daga gona, in kin ji ba zaki iya magana ba ki ɗauka kawai ki sa a kunne, ni zan karanta miki Zabura 88 ɗin daga nan.